Kuɗin Mutum Biyu

Ofishin sayar da tikitin jirgi ne a wani lungu bayan Kantin Kwari. Fanka na juyawa a kasalance. Bazazzagi, ejan, yana bayan tebur da kwamfutarsa. Jauro Bafillatani na zaune a bakin benci, sanda tsakanin ƙafafu, yana jiran takardunsa na Umara. Alhaji Bakano ya shigo a karkace, don ƙofar ba ta ɗaukarsa a miƙe.

ALHAJI: Salamu alaikum. Ina bawan nan nawa?

BAZAZZAGI: Amin, alaikumus salam. Bawa ai shi ke takowa ya gaida ubangidansa, ga shi kuwa ka tako. Sannu da zuwa, Alhaji. Ga kujera.

ALHAJI: (ya harari farar kujerar roba mai hannu) Bar ta, na fi son benci. Matsa, Jauro.

JAURO: Aradu in na ƙara matsawa sai dai waje.

ALHAJI: Tikitin Jidda nake so, zuwa da dawowa, mafi araha. Kar ka kawo mini na manya.

BAZAZZAGI: Kujera nawa?

ALHAJI: Ni kaɗai ne. Hajiya sai bayan Sallah.

BAZAZZAGI: Na ji kai kaɗai ne. Kujera nawa?

ALHAJI: Kai! Zagina za ka yi da sassafe?

BAZAZZAGI: Wane ni. In za ka Kaduna daga tashar Unguwa Uku, kuɗin mutum nawa kake biya?

ALHAJI: Gidan gaba nake saye gaba ɗaya. Amma wannan don shan iska ne.

JAURO: Iskar ce mai faɗi.

ALHAJI: Ni kilo 140 ne kacal. Jirgin da ke ɗaukar mutum ɗari uku da kayansu, ni zan gagare shi?

BAZAZZAGI: Ba wanda zai ɗora ka a sikeli, Alhaji. Manyan jirage ƙiyasi suke yi. A ƙa'idar Turai ana lissafa baligi a kilo 84 har da jakar hannunsa, abin da ka ɗara sai a cike da abin da Jauro ya gaza.

JAURO: Ashe ni nake ɗauke da kai tun tuni ban sani ba.

BAZAZZAGI: Faɗi suke dubawa, ba nauyi ba. In ka zauna, hannun kujera ya sauka har ƙasa, hagu da dama, ya kuma tsaya a nan ba tare da cinyarka ta ɗaga shi ba. Bel ya ɗauru, ko da da ƙari guda. Jikinka kuma kar ya tsallaka wurin maƙwabci ko ya toshe hanya. Ka faɗi ɗaya daga ciki, kamfanoni da yawa cewa za su yi sai ka sayi ta biyu.

ALHAJI: To nawa ne faɗin kujerar tasu?

BAZAZZAGI: A Boeing 737, tsakanin hannu da hannu, wajen inci 17 ne, santimita 43 ke nan. Airbus A320 ya ɗan fi, inci 18, kusan santimita 46.

ALHAJI: Ai babban jirgi zan shiga.

BAZAZZAGI: Girman jirgi ba ya nufin girman kujera. Boeing 777 da can kujera tara ake jerawa a layi. Sai kamfanoni suka ga akwai kuɗi, yawancinsu suka cusa ta goma, uku, huɗu, uku. Jirgin bai ƙara faɗi ba, kujerun aka tsuke suka dawo wajen inci 17.

ALHAJI: Ka ga! Su suka rage mudu, ni za a ce na biya biyu?

BAZAZZAGI: Wannan kam gaskiyarka, ba ni da ta cewa. Amma ka fi kowa sanin mai rage mudu ba ya rage farashi. Yaro! Aro mini tef wurin tela.

An kawo tef. Bazazzagi ya jawo kwalaye biyu na takardar rasit.

BAZAZZAGI: Cire babbar riga. Zauna a miƙe, gwiwoyi a haɗe, kamar yadda za ka zauna sama da awa huɗu. Jauro, manna wannan kwalin a ƙugunsa na dama, ni zan manna na hagu. Ba zagayen ciki ake aunawa ba, nan mutane ke kuskure. Tsakanin kwali da kwali ake so. Tashi a hankali, kar ka ture su... 61.

ALHAJI: Tef ɗin Zariya ne, ƙarya yake.

BAZAZZAGI: Me ke aljihunka?

Alhaji ya zazzage: waya uku, damin makullai, goro a ƙunshe, da rasit na shekara biyu. Aka sake awo.

BAZAZZAGI: 58. Kujera 43. Saura 15, bakwai da rabi ta kowane gefe. A jikin wa za ka ajiye su?

JAURO: A jikina! Aradu an taɓa yi mini. Za ni Legas aka sa ni jikin taga, wani mai irin albarkarka ya zauna ya ɗage hannun kujera, ya malalo kamar kunu. Har muka sauka da haƙarƙari ɗaya nake numfashi.

BAZAZZAGI: Ka yi magana?

JAURO: Bafillace ya yi ƙorafi a gaban mutane?

BAZAZZAGI: To kunyar ce ta matse ka. Tun ba a rufe ƙofa ba ake tashi, ka je baya ka gaya wa ma'aikaciyar jirgi a hankali, ba a gaban mutumin ba. In akwai gurbi za ta sauya wa ɗayanku wuri. Jirgi in ya ɗaga, sai haƙuri.

ALHAJI: In babu gurbin fa?

BAZAZZAGI: Nan ne abin ba daɗi. Mai jiki ake cewa ya sauko ya jira jirgi na gaba, a kan idon jama'a, ana ɗaukarsa a waya. Abin da nake guje maka ke nan. Maganar da za a yi a bakin jirgi, gara mu yi ta nan, daga ni sai kai sai wannan sandar.

JAURO: Wace sandar? Ta hannuna ko ni?

ALHAJI: To ka ba ni wurin ƙofar gaggawa. An ce nan akwai fili.

BAZAZZAGI: Filin miƙe ƙafa ne, ba na ƙugu ba. A yawancin jirage kujerun nan, da na layin farko da ke kallon bango, teburin cin abincinsu a cikin hannun kujera yake. Hannun ya yi kauri, ba ya ɗaguwa, kujerar ta ƙara tsukewa. Sannan mai ƙarin bel ba a yarda ya zauna a ƙofar gaggawa, don igiyar na iya harɗe ƙafar masu gudu. Ana gwada jirgi ne a kan kowa ya fice cikin daƙiƙa 90, da rabin ƙofofi kawai.

ALHAJI: Shi ƙarin bel ɗin nawa ne?

BAZAZZAGI: Kyauta.

ALHAJI: Alhamdu lillahi. A ba ni uku.

BAZAZZAGI: Ɗaya, kuma aro. Yana ƙara wajen inci 25, santimita 63. Tun a bakin ƙofa za ka raɗa wa ma'aikaciyar lambar kujerarka, ta kawo maka a naɗe ba wanda ya lura. Kar ka bari sai an cika, don ba su da yawa a jirgi.

ALHAJI: Bari kawai tela ya ɗinka mini nawa, da aiki a baki.

BAZAZZAGI: Ko na intanet ka saya ba lallai su bari ka ɗaura ba. Tun 2012 hukumar jiragen saman Amurka ta gargaɗi kamfanoni a kan wanda fasinja ya zo da shi daga gida. Bakin ƙarfen ba iri ɗaya ba ne a kowane jirgi, kuma na kamfani ana duba lafiyarsa, naka ba wanda ya san ko zai riƙe in jirgi ya yi tsalle a iska.

ALHAJI: In haka ne gara in ciji yatsa in shiga wurin manya.

BAZAZZAGI: Ka ninka kuɗi sau uku ko huɗu ka samu inci 20 ko 21, santimita 53 in an yi sa'a, a cikin akwatin da gefensa ba ya motsi. Kai kuma 58. Kujera biyu ta talakawa kuwa, 43 da 43, da gurbin hannun tsakiya kamar 5, ka samu 91. Ga teburin kujerar da ba kowa, a kansa za ka ci abinci, don naka ba zai sauka a kan tumbin nan ba.

ALHAJI: (ya yi shiru yana lissafi da yatsu) Yaya ake sayen ta biyun?

BAZAZZAGI: Ba ka shiga intanet ka rubuta sunanka sau biyu. Kwamfuta za ta ɗauka kuskure ne ta soke ɗaya. Ni zan yi, ko ka kira kamfanin. A rajista ɗaya za a haɗa su, ta biyun a sa sunan gidanku, a biyo da EXST.

ALHAJI: Wane ne kuma Ekisti? Ba mu da shi a zuri'a.

JAURO: Ƙaninka ne. Shi ma sai an yi masa biza?

BAZAZZAGI: Ba biza, ba fasfo. Alama ce ta ƙarin kujera. Sai in zaɓa maka biyu a jere. In Airbus A330 ne mai biyu, huɗu, biyu, ka ɗauki biyun jikin taga, ba mai tsallaka ka, ba wanda za ka tsallaka. Kwana ɗaya kafin tafiya mu sake dubawa, don in sun sauya jirgi kwamfuta kan sake rabo, ka ga kanka a layi na 23, Ekisti a na 31.

ALHAJI: Sai in raba kaina?

BAZAZZAGI: Sai ka isa kantar kamfanin a filin jirgi da wuri su haɗa ku. Kuma ka ji wannan da kyau: in sun ba ka katin shiga biyu, a ƙofa ka miƙa duka biyun a danna. Aka danna ɗaya, kwamfuta ta ce Ekisti bai zo ba, a ba wani mai jiran gurbi kujerar da ka biya, wani lokaci har ta dawowa ta tafi. In kuma tafiyar da sauyin jirgi zuwa wani kamfani, kowanne da dokarsa, sai an tambaye su ɗaya bayan ɗaya.

ALHAJI: To abinci biyu ke nan.

BAZAZZAGI: Fasinja ake ciyarwa, kujera ba ta ci. In ya ragu ka roƙa.

ALHAJI: Kaya fa? Ekisti ai yana da dabino da jallabiyoyin da zai dawo da su.

BAZAZZAGI: Wasu kamfanonin na ninka maka awon kaya, wasu ba sa yi. Kafin ka biya zan sa su rubuto.

ALHAJI: Duk duniya ba inda ake tausayin mai jiki?

BAZAZZAGI: Akwai Kanada. A 2008 hukumar sufurinsu ta yanke cewa wanda ƙiba ta zame masa nakasa, kuɗin mutum ɗaya zai biya ko kujera biyu ya ci. Kamfanoni suka garzaya kotun ƙoli, ta ƙi sauraronsu. Sai dai da takardar likita, kuma a tafiyar cikin ƙasa kawai.

ALHAJI: Ba su da jirgin Jidda ta cikin ƙasa?

BAZAZZAGI: A Amurka kuma kamfanin jirage na Southwest ya shekara da shekaru yana mayar wa mutum kuɗin kujera ta biyu bayan tafiya. Daga 27 ga Janairun 2026 suka ɗaure abin: sai in jirgin ya tashi da gurbi ko da ɗaya, kujerun biyu ajin farashinsu ɗaya, ka kuma nema cikin kwana 90.

JAURO: Ni dai a koma awo kamar shanu. Kowa ya hau sikeli ya biya nasa.

BAZAZZAGI: An yi. Samoa Air, wani ɗan kamfani a tsibiran tekun Fasifik, a 2013 ya fara auna mutum da kayansa yana caji a kan kilo. Ƙananan jirage gare su, su kam kowane kilo da inda ya zauna magana ce. A 2003 ƙaramin jirgin wani kamfani daban, mai ɗaukar fasinja 19, ya faɗi a birnin Shalot na Amurka jim kaɗan da tashi, mutum 21 suka rasu har da matuƙa biyu. Da kuskuren gyara a ciki, amma nauyi ma ya wuce lissafi, ya kuma taru a baya. Shi ya sa a ƙaramin jirgi in an ce ka koma gaba, ka koma kawai, ba raini ba ne.

ALHAJI: Allah ya kyauta. Shi na Samowan yana nan?

BAZAZZAGI: Ya rufe.

ALHAJI: Alhakinmu ne. (ya juya ya ƙare wa Jauro kallo) Ka ce 91 ko? Ni 58. Saura 33. Auna mini Jauro.

BAZAZZAGI: Alhaji...

ALHAJI: Auna shi!

BAZAZZAGI: (ya auna) 33.

ALHAJI: Allahu akbar! Jauro, soke tikitinka. Kai ne Ekisti. Ka ba ni rabin kuɗi, na yafe maka taga.

JAURO: Aradu gara in bi ta Sudan a ƙafa kamar kakana.

BAZAZZAGI: Ba ya yiwuwa. Kowane fasinja da sunansa a takarda, da kujerarsa, da bel ɗinsa. Ba gidan haya ba ne da za ka yanka shago a soro.

ALHAJI: To ni ban ma yarda da tef ɗin nan ba. Wannan kujerar robar nawa ce?

BAZAZZAGI: 44. Don masu gardama na ajiye ta.

Alhaji ya juya mata baya, ya ja numfashi, ya sauka da bismilla. Ƙafafun kujerar suka baje, ta yi ƙara, amma ya shige.

ALHAJI: Ka gani? Daidai wa daida! Yanka mini guda ɗaya.

BAZAZZAGI: Madalla. Taso ka sa hannu.

Alhaji ya miƙe. Kujerar ta miƙe tare da shi.

ALHAJI: Jauro, ja ta ta baya. A hankali, shaddar sabuwa ce.

JAURO: (yana ja, ya tokare ƙafa da tebur) Ta ƙi fa.

BAZAZZAGI: In rubuta biyu?

ALHAJI: Rubuta. Amma ka tambaye su, in na zo da tawa a jikina, nawa za su rage?