Gatan Ɗan Dambe Shi Ne Mai Cewa "Ya Isa"

Duk ranar da aka yi babban damben boksin, alƙalin wasa ya shiga tsakani ya tsayar da wasan kafin wani ya faɗi warwas, sai ka ga jama'a sun yi masa caa. Wannan ya ce an saye shi, wancan ya ce ya ɓata musu kallo, wani ya ce ai da ya ƙyale yaron zai farfaɗo ya rama. Wannan magana tana yi mini ciwo. Ina son wasan nan, kuma ina son masu yinsa su tsufa da hankalinsu, su gane 'ya'yansu, su iya ɓalle maɓallin rigarsu da kansu. A ganina, cikin duk mutanen da ke kewaye da ɗan dambe, babu mai amfani gare shi kamar wanda zai iya cewa ya isa haka, ko da duniya za ta zage shi.

Su kansu dokokin wasan a kan haka aka gina su. A da can a Ingila da tsurar hannu ake yi, turmi ba ya ƙarewa sai wani ya kai ƙasa, kuma babu iyakar turmi, sai dai wanda ya kasa tashi. Dokokin Queensberry, waɗanda John Graham Chambers ya tsara aka wallafa a 1867, su suka zo da safar hannu, da turmi na minti 3, da hutun minti 1, da ƙirga 10 ga wanda ya faɗi. Sauran kowa ya san su: ba a dukan ƙasan cibiya, ba a karo da kai, ba a sa gwiwar hannu, ba a dukan wanda ya faɗi, ba a riƙe mutum ana naushinsa. A wasan ƙwararru alƙalai 3 ne ke ba da maki, wanda ya ci turmi ya sami 10, ɗayan 9 ko ƙasa da haka.

Akwai doka ɗaya da 'yan kallo suke rainawa, wato haramcin dukan ƙeya. A wajen ƙeya ne ƙwaƙwalwa take haɗuwa da laka, wurin da ke kula da numfashi da bugun zuciya. A 2015 wani matashi ɗan Puerto Rico, Prichard Colón, ya sha duka a ƙeya a wani wasa a Amurka, yana ta nuna wa alƙali wurin da hannunsa. Bayan wasan jini ya zuba a kansa, ya shiga doguwar suma, rayuwarsa ba ta sake komawa daidai ba. Don haka idan kuka ga alƙali ya cire wa gwaninku maki saboda dukan ƙeya, don Allah ku bar shi ya yi aikinsa.

Mutane da yawa suna ɗauka safar hannu tana kare wanda ake duka. Hannun mai dukan ta fi karewa. Ƙasusuwan hannu ƙanana ne, da tsurar hannu mutum ba zai yi ta naushin ƙoƙon kai na tsawon turmi 12 ba tare da ya karye ba. Da safa kuwa zai iya, da dukkan ƙarfinsa. Ita ƙwaƙwalwa tana cikin ruwa ne a cikin ƙoƙon kai, kamar gwaiduwa a cikin ƙwai. Idan naushi ya sami haɓa, kai ya juya da sauri, sai ta girgiza ta bugi bangon ƙashi, ƙananan jijiyoyin jini su tsinke. Ba sabon ilimi ba ne wannan. Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya yi rubutu a kan tsofaffin 'yan dambe da harshensu ya yi nauyi, tafiyarsu ta koma ta tangaɗi. Hular kariya ma haka take: tana rage tsagewar gira da kumburin fuska, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza. A 2013 hukumar damben 'yan sha'awa ta duniya ta cire ta ga manyan maza, har maza suka yi gasar Olamfik ta Rio a 2016 babu ita.

Wannan ya kawo ni ga atisaye, wanda ya fi komai damuna, domin a nan ba kyamara, ba likita, ba alƙali. Ƙwararren ɗan dambe zai iya yin wasa biyu ko uku a shekara, amma gwajin naushi da abokin horo kusan kowane mako ne. Horo na gari ba duka ba ne. Gudu ne da sassafe, da tsallen igiya, da damben iska a gaban madubi, da dukan buhu, da bin hannun koci yana riƙe da faifan naushi. Koyon tsayuwa ne: haɓa a ƙasa, hannu a kunci, gwiwar hannu tana rufe haƙarƙari, ƙafa ba ta harɗewa. Koci na ƙwarai sai ya sa sabon yaro ya yi watanni a kan waɗannan kafin ya bari wani ya taɓa fuskarsa. Za ka gan shi ya kama hannun yaron yana naɗa masa ƙyalle, ya zagaye wuyan hannu, ya bi ta tsakanin yatsu, ya ce masa ya dunƙule ya buɗe, ya tambaye shi ko ya matse. Ranar gwaji kuwa sai da babbar safa mai nauyin oza 14 ko 16, da robar kare haƙora, da abokin da ya yi daidai da shi a nauyi da gogewa.

Sai kuma ɗayan kocin, wanda ke haɗa sabon shiga da tsohon hannu wai don ya ga ko yana da zuciya. Yaro ya sauko idonsa ya yi fari-fari, yana tambayar ƙarfe nawa, a gaya masa, bayan ɗan lokaci ya sake tambaya. A watsa masa ruwa a ce gobe ya zo da wuri. Wannan zalunci ne, ba horo ba. Ciwon kai bayan duka, da jiri, da amai, da mantuwa, da ganin haske yana damun ido, duk alamu ne cewa ƙwaƙwalwa ta bugu, ko da mutum bai suma ba. Duka na biyu kafin na farko ya warke shi ne mafi haɗari. Shi ya sa hukumomi suke dakatar da wanda aka sumar na aƙalla kwana 30, kuma dakatarwar ta haɗa da gwajin naushi a wajen horo.

Haka batun rage nauyi. An raba 'yan dambe aji-aji ne don kada ƙato ya haɗu da ƙarami, amma sai ga mutane suna ƙin shan ruwa, suna gudu cikin rigar leda, don su shiga ajin da ba nasu ba. Jikin da ya bushe ba ya jure duka. Wani ɗan damben Koriya ta Kudu mai suna Kim Duk-koo ya sha wahalar rage nauyi kafin karawarsa da Ray Mancini a Las Vegas a Nuwamban 1982. Ya faɗi a turmi na 14, bayan 'yan kwanaki ya rasu. Bayan wannan ne hukumar WBC, ɗaya daga cikin manyan hukumomin damben ƙwararru na duniya, ta rage wasan cin kambu daga turmi 15 zuwa 12, sauran hukumomin suka biyo baya.

Za a ce mini ai baligai ne, sun san abin da suka shiga, kuma su da kansu ba sa son a tsayar. Gaskiya ne ba sa so. An horar da su a kan kada su sare. Amma mutumin da kansa ya bugu, da me zai yanke hukunci? Abin da zai yi tunanin da shi, shi ne ya sami rauni. A Manila a 1975, bayan turmi na 14, Joe Frazier idonsa ya kumbure ba ya ganin naushin Muhammad Ali, duk da haka yana son ya tashi. Kocinsa Eddie Futch ya hana shi, saura minti 3 kacal a gama. Frazier bai ji daɗi ba, amma ni ban san wani abin da ya fi wannan nuna ƙauna a tarihin wasan ba. Shi kansa Ali, a 1980, kocinsa Angelo Dundee ne ya tsayar da dukan da yake sha a hannun Larry Holmes bayan turmi na 10, kuma da an ƙaunace shi yadda ya kamata, da ba a bari an yi wasan ba sam. Wani lokacin ma tsayarwar takan zo a makare. A 2019 koci Buddy McGirt ya roƙi ɗan damben da yake horarwa, Maxim Dadashev, ya bari a tsayar, Dadashev ya ƙi, McGirt ya tsayar da wasan bayan turmi na 11, amma jinin ya riga ya zuba, Dadashev ya rasu. Wanda ya san wannan labari ba zai ƙara cewa an yi gaggawar jefa tawul don tsayar da wasa ba.

Masu shirya wasa ma suna da nasu alhakin. A 1991 a Landan, Michael Watson ya faɗi bayan karawarsa da Chris Eubank, ba a sami taimakon gaggawa da ya kamata a wurin ba. Ya yi kwana 40 a sume, aka yi masa tiyata 6 a kai, daga baya ya kai hukumar damben Birtaniya kotu ya yi nasara. Jinin da ya zuba a kai ba ya jira, minti kaɗan ne tsakanin tsira da naƙasa.

Iyaye, idan ɗanku ko 'yarku ta nuna sha'awar wasan nan, ban ce ku hana ba, domin yana koyar da juriya da kamun kai. Amma ku je wajen horon da ƙafarku, ku zauna ku kalli gwaji. Ku tambayi koci abin da yake yi idan yaro ya ce kansa yana ciwo. Ranar wasa kuma ku tabbata akwai likita a gefen igiya, da iskar oksijin, da motar asibiti a tsaye a ƙofa. In babu su, ku kama hannun yaronku ku koma gida.