Saƙon Ƙarfe Uku na Dare

A Kantin Kwari, da hantsi. Bakano na zaune cikin dilolin atamfa ya tasa kwamfuta gaba yana tofa mata addu'a. Bazazzagi ya shigo da jakarsa ta kayan gyara.

Bazazzagi: Salamu alaikum. Alhaji, ruƙiyya ake yi wa na'ura?

Bakano: Shigo, bawana. Ai da malami zan kira, na tuna kai ka fi araha. Aljanu ne a cikinta.

Bazazzagi: Me suka yi?

Bakano: Jiya da ƙarfe 10 na safe na tura wa Hajiyar Maraɗi imel na lissafin kayanta. Da azahar sai ga mijinta a waya, wai me nake nema wajen matar aure da ƙarfe 3 na dare. Ni da tara ba ta yi mini a waje!

Bazazzagi: Subhanallahi. Sai me?

Bakano: Dubi wannan da ya shigo yanzu. An rubuta 5 na yamma. Ko walaha ba mu yi ba.

Bazazzagi: A ina ka sayi kwamfutar?

Bakano: Guangzhou. Da kaina na ɗauko ta.

Bazazzagi: To ai ga aljanin nan. Har yau ita a Caina take zaune. Kana jin rediyo suna cewa ƙarfe bakwai agogon GMT, takwas agogon Najeriya da Nijar? Mu awa ɗaya muke gaban GMT, Caina awa takwas. Takwas a cire ɗaya?

Bakano: Kada ka koya wa Bakano lissafi. Bakwai.

Bazazzagi: Goma a cire bakwai?

Bakano: (ya yi shiru) Uku. Amma tsaya! Ranar da na dawo na sa yaron shago ya gyara agogon. Ga shi nan, daidai da na hannuna.

Bazazzagi: Nan aka yi ɓarnar. Ya juya lambobin, ya bar shiyyar lokaci a Caina. Ita kuwa duk saƙon da za ta fitar sai ta buga masa hatimi: ƙarfe 10, agogon Caina. Wayar Hajiya ta karɓa, ta mayar da shi agogon Maraɗi, ya zama ukun dare. Wanda kuma ya shigo maka sai ta ƙara masa bakwai.

Bakano: Wato saƙon yamma nake samu da safe.

Bazazzagi: A rubuce dai.

Bakano: Ɗaga hannunka daga kanta! Kada ka taɓa.

Bazazzagi: Lafiya?

Bakano: Kai ba ka ga kasuwa ba? Yarona na Wapa ya riƙa turo mini farashin dala. In na san na yamma tun da safe, wa zai kama ni a garin nan?

Bazazzagi: Alhaji, lambar ce kawai ta yi gaba. Farashin na safe ne.

Bakano: Boko dai bai iya komai ba sai kashe wa mutum ciniki. Gyara.

Bazazzagi: Ga shi. Na shiga wajen saita lokaci na Windows, na zaɓi inda aka rubuta UTC+01:00, wato awa ɗaya gaban GMT, na Afirka ta Yamma. Na kuma kunna mata ta riƙa ɗaukar lokaci daga intanet da kanta. Ka faɗa wa yaron ya daina sa mata hannu.

Bakano: Na ga wata +01:00 mai sunan Faris a sama. Ba ta fi daraja ba?

Bazazzagi: Zaɓe ta ka gani. Turawa suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, su dawo da shi a ta ƙarshen Oktoba. Wata bakwai za ka yi kana rufe shago kafin maƙwabta.

Bakano: A'uzu billahi. Bar ni a Kano.

Bazazzagi: In kuma wata rana ka kunna ta ka ga ta koma shekarun baya, wannan batirin agogo ne na ciki ya mutu. Ɗan mitsitsi ne kamar kwabo, CR2032 sunansa.

Bakano: Shekarun baya? Da farashinsu?

Bazazzagi: Alhaji, kuɗin aikina.

Bakano: Wane aiki? Danna biyu ka yi. Ban ma yi ciniki ba tukuna. Ka dawo da ƙarfe biyar na yamma.

Bazazzagi: Ƙarfe biyar ka ce? Da shaidu?

Bakano: Ga yaron shago nan, ya ji.

Bazazzagi ya jawo kwamfutar, ya danna sau biyu, ya juyo da fuskarta wajen Alhaji.

Bazazzagi: Biyar da kwata, agogon Guangzhou. Har ka makara.