Ana karɓar kuɗinmu, tsohon gidan bakin gulbi yana rushewa

Abin da ake yi wa tsohon gidan nan na bakin gulbi da lambunsa wulaƙanci ne, kuma ina faɗar haka da ɓacin rai, domin magidancin da yake son ya fitar da iyalinsa su sha iska a Sakkwato, musamman a watan Afrilu da zafi kan haura digiri 40, wuraren da zai nufa ba su da yawa.

Tun daga ƙofa ake fara cutar mutum. Maigadi yana karɓar kuɗin shiga a kan kowane kai, har da yara, amma babu rasit. Na ce masa, "Baba, ina shaidar biyan kuɗi?" Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, littafin ya ƙare tun bara." Ban ga laifin dattijon ba, domin shi ma a rana yake wuni, sai dai ina da haƙƙin in san aljihun da kuɗin nan suke shiga, tunda a fili yake cewa ba wurin ake yi wa aiki da su ba.

Lambun ne ya fi ƙona mini rai. Gulbi yana nan kusa, mutum yana hango masu ban ruwan albasa da shinkafa a fadama, kowannensu da ɗan injinsa da ya saya da guminsa, amma a cikin lambun da ake biyan kuɗi kafin a shiga, famfo ya bushe, mangwaro da gwaba sun mutu a tsaye, dogonyaron da ya rage kuma ana sare rassansa ana yin itacen girki. Ledojin ruwa sun rufe ƙasa, kujerun siminti sun farfashe, an garƙame bayan gida da kwaɗo, ta yadda macen da ta zo da ƙananan yara dole ta koma gida tun ba ta zauna ba. Shi kansa gidan gara ta cinye azararsa, jemagu sun mamaye ɗakunan sama, an cika bango da rubutun gawayi. 'Yata ta tambaye ni wanda ya gina shi da shekarar da aka gina shi, muka duba ko'ina babu allon bayani, babu kuma ma'aikaci ko ɗaya da zai ba ta amsa.

Wannan sakaci bai dace da garin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809 kusa da mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato ba, garin da Baturen Birtaniya Clapperton ya ratso Sahara ya ziyarta a 1824, ya sake dawowa har ajali ya riske shi a nan a 1827. Kada wani ya ce mutanenmu ba su damu da tarihi ba, domin Hubbaren Shehu ba ya rabuwa da masu ziyara daga Najeriya da Nijar, haka ma kabarin Bello a Wurno. Mun riga mun san yadda wuri yake komawa kufai, ga Alkalawa, tsohon babban birnin Gobir, ga Surame, tsohon babban birnin Kabi, kuma waɗancan zamani da yaƙi ne suka tashe su, wannan kuwa rashin kula ne kawai yake cinye shi muna kallo.

Kowace damina ruwa yana ƙara zaizaye gaɓar da ke bayan gidan, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya san abin da Rima yake iya yi idan ya cika. Ina kira ga masu kula da wurin su gina katangar da za ta tare gaɓar, su sayi injin ban ruwa ko da guda ɗaya, su buɗe bayan gida, su kuma dawo da rasit, in kuwa ba za su iya ba, su daina tare mutane a ƙofa suna karɓar kuɗi.