Dan Allah mu daina sayen shirun yara da waya da tsawa

Iyaye 'yan uwana, maza da mata, yau dai sai na faɗi abin da ya daɗe yana cin raina. Mun mayar da shiru ma'aunin tarbiyya. In kaji ana cewa wance ta iya raino, toh ka bincika zaka ga abin da ake nufi shi ne ɗanta baya kuka, baya taɓa kayan mutane, inda aka ajiye shi nan za'a dawo a same shi. Shi kuwa wanda yake kuka, yake hawa kujera, yake zazzage jakar uwarsa, sai a ce an sangarta shi, an ɓata shi da ɗauka. Wallahi ni wannan lissafin bai taɓa kwanta min ba, kuma shi ne yake tura mu ga abu biyu da suke cutar da yaran nan, ko mu miƙa musu waya su yi shiru ko mu daka musu tsawa su yi shiru.

Mu fara da jinjiri. Ɗan wata ɗaya ko biyu bashi da wani baki banda kuka, yunwa kuka, zafi kuka, famfas ya jiƙe kuka, iska ta tsaya masa a ciki bai yi gyatsa ba kuka, wani lokacin ma ba komai, jikin mutum kawai yake so yaji. Amma sai kaji ana cewa uwa "ki daina ɗaukarsa zai saba da hannu", ko "wayo yake miki". Wane wayo fisabilillahi? Yaron da ko wuyansa bai tsaya ba, ina ya samu ƙwaƙwalwar shirya wa uwarsa dabara? Ɗauka bata ɓata jariri a watannin nan, abin da yake koya kawai shi ne in na kira ana zuwa, kuma akan wannan natsuwar zai gina sauran komai.

Akwai kuma abin da ba'a cika faɗa wa sabbin iyaye ba, shi ne kukan jariri yana da lokacin da yake ƙaruwa. Daga kamar sati biyu da haihuwa yake fara yawa, ya kai ƙarshen yawansa wajen sati 6 zuwa 8, sannan ya fara sauka zuwa wata 3 ko 4, kuma yawanci da yamma zuwa dare yake fi tsananta. Kin bashi nono, kin canza masa, kin rungume shi kina zagaye ɗaki, amma yana ta yi, sai ki fara zargin kanki ko nononki ne baya isarsa ko ke ce baki iya ba. Sau da yawa ba laifin kowa bane, lokacin ne, kuma yana wucewa. Amma fa a kula, in jaririn da bai kai wata 3 ba jikinsa yayi zafi har awon zafin jiki ya nuna digiri 38 ko sama, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya saki, ko numfashinsa ya canza, wannan ba na jira bane, asibiti za'a nufa a take.

Sannan dan Allah dan Annabi kar a girgiza jariri. Na san yadda kukan da ya ƙi ƙarewa yake taɓa kan mutum, musamman wanda bai yi barci ba, har kaji hannunka yana rawa. Kan jariri yana da nauyi akan jikinsa, jijiyoyin wuyansa basu yi ƙwari ba, girgiza ta 'yan daƙiƙu da ƙarfi tana iya sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, ya makance ko ya nakasa ko ma a rasa shi. In kinji kin kai maƙura, kwantar da shi rigingine a gadonsa inda babu filo babu tarkacen bargo, ki fita ki sha iska na 'yan mintuna, ko ki miƙa wa wani. Kukan minti biyar a wuri mai aminci ba zai masa komai ba. A faɗa wa mai aiki da yayyensa da duk wanda ake bar wa shi.

Toh sai batun waya, wanda shi ne ya fi damuna don yanzu shi ya zama ruwan dare. Kwanaki ina zaune a layin ganin likita, kusa da ni wata baiwar Allah da yarinyarta da bata fi shekara ɗaya da rabi ba. Yarinyar ta ga wani hoto a bango ta miƙa ɗan yatsa tana "ah, ah" tana waigowa tana kallon fuskar uwar, ta nuna ta sake waigowa, wato so take a ce mata wani abu akan hoton. Uwar ta gaji, da ganinta ka san ta gaji, sai ta ciro waya ta kunna katun ta ɗora mata a cinya. Nan take yatsan ya sauka, bakin ya ɗan buɗe, ido ya kafe, har aka kira su bata ƙara cewa uffan ba. Ban ga laifin matar ba ko kaɗan, amma raina ya sosu, domin wannan nunin da waigen shi ne ainihin yadda magana take farawa, kuma a daidai wurin aka katse shi.

Ba ra'ayina bane kawai. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara akan yara 'yan ƙasa da shekara 5, ta ce wanda bai kai shekara 2 ba kar a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa ɗaya a yini, in an rage ma ya fi. A nan ne kuma suka ce kar a ɗaure yaro wuri guda, a keken tura yara ko a kujera, fiye da awa ɗaya a jere, sannan ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a yini da barcin awa 11 zuwa 14. Ka duba wannan ka duba yadda yaranmu suke wuni, tun safe waya, wajen cin abinci waya, har barci sai da waya a hannu.

Wasu zasu ce ai katun ɗin na koyarwa ne, yana koyon kalmomi. Akwai wata mai bincike a Amurka, Patricia Kuhl, a 2003 ita da abokan aikinta suka ɗauki jarirai 'yan wata 9 da basu taɓa jin Sinanci ba, wasu aka haɗa su da mutum a zahiri yana musu wasa da karatu da Sinanci har zama 12, wasu kuma aka nuna musu irin wannan a bidiyo ko aka kunna musu murya kawai. Waɗanda suka zauna da mutum sun koyi bambance sautukan yaren, na bidiyo da na murya kuwa kamar ba'a yi komai ba. Kaga kenan jariri daga fuska yake ɗaukar harshe, daga mutumin da zai kalle shi ya amsa masa, allo kuwa baya amsawa, zuba kawai yake yi.

Kuma ba wayar hannun yaro kaɗai ba, har tamu. Tun shekarun 1970 wani masani mai suna Edward Tronick yayi wani gwaji, uwa tana wasa da jaririnta sai a ce ta daskare fuska na ɗan lokaci, ba murmushi ba magana. Jaririn sai ya fara ƙoƙarin dawo da ita, yayi murmushi, ya miƙa hannu, yayi ƙara, in ta ƙi sai ya kau da kai ya fashe da kuka. Ku faɗa min tsakani da Allah, wace fuska muke yi in muna danna waya yaro na gabanmu? Ita ce dai wannan daskararriyar fuskar. Ba ina cewa a jefar da waya ba, da ita muke sana'a da zumunci, amma lokacin shayarwa da wanka da canza famfas a ajiye ta. Kina goge masa jiki kina ce masa "bari mu ɗaga ƙafa, yauwa, ɗaya ƙafar kuma, ruwan da sanyi ko?" shi kuma yana gwaranci, ki yi shiru ki bashi dama ya gama, ki amsa kamar kin gane. Wannan ɗan musayar da muke rainawa da ita ƙwaƙwalwarsa take ginuwa, kuma ba ta cin ko sisi.

Sai su ogan rigima, 'yan shekara ɗaya da rabi zuwa uku. Za'a fita, kin makara, yaro ya dage shi zai saka takalminsa da kansa, ya saka na dama a hagu, kin sunkuya kin gyara masa, shikenan duniya ta tashi, ya zube ƙasa yana birgima yana shure-shure har numfashi na sarƙewa. A idon babba wannan rashin kunya ce da taurin kai. Amma a wajensa ya gano cewa shi ma mutum ne mai son ransa, yana so yayi abu da hannunsa, hannun bai ƙware ba, kalmomin da zai ce "ni zan yi" ma da ƙyar suke fita, kuma sashen gaba na ƙwaƙwalwa da ke taka wa fushi birki yanzu ya fara ginuwa, ba zai kammala ba sai mutum ya haura shekara 20. Ka ƙara masa yunwa ko barci akan wannan, me kake tsammani?

Na san za'a kawo min karin maganar nan, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari, amma ai tanƙwarawa aka ce, kuma mai tanƙwarawa a hankali yake bi yana maimaitawa. Ɗan shekara biyu da aka mara don ya zubar da ruwa bai fahimci darasin komai ba, abin da ya fahimta shi ne hannun da ke bashi abinci yana iya juyowa kansa, zai yi shiru kam, amma shirun tsoro ne, kuma gobe in ƙaninsa ya ɗauki abin wasansa da mari zai karɓa don haka yaga ana yi. Haka razana shi da allura ko likita ko duhu, ranar da ya kamu da ciwo ke ce zaki sha wahalar shigar da shi ɗakin likitan.

Kar kuma a ɗauka ina cewa a bar yaro yayi abin da ya ga dama. A'a wallahi. In ka ce ba za'a taɓa wuƙa ba toh ba za'a taɓa ba ko zai yi kukan awa guda, kuma babban kuskure shi ne ka hana sannan da ya ƙara murya ka miƙa masa, ka koya masa kenan cewa ƙara murya tana aiki. Abin da nake cewa shi ne ka hana ba tare da ka zama abin tsoro ba. Durƙusa daidai tsayinsa, ka ce "na san kana so, amma a'a", ka ɗauke abin, ka zauna kusa har guguwar ta wuce, in ya miƙo hannu ka rungume shi. Dogon wa'azi a tsakiyar kuka ɓata baki ne, baya ji. Inda kuma babu haɗari a bar shi ya gwada, takalmi a juye ba zai karya masa ƙafa ba, ko ka bashi zaɓi biyu, wannan rigar ko waccan. Abin da zai fashe ko ya yanke shi a ɗaga sama, ya fi a wuni ana "bari, bari, bari" har kalmar ta daina ma'ana a kunnensa.

Duk wannan da nake faɗa ba zai yiwu ga uwar da take ita kaɗai ba, gaskiya kenan. Matar da ta tashi sau huɗu cikin dare, ta wuni a tsaye, ba wanda ya karɓi yaron ko na rabin awa, ba wa'azin haƙuri take buƙata ba, barci take buƙata. Maza, raino ba taimakon matarka kake yi ba, ɗanka ne. Ka dawo a gajiye na sani, amma ɗauke shi ka zagaya da shi, kayi masa wanka, ka kwanta a ƙasa ya hau bayanka, ita ta samu ta runtsa. Kuma ka lura da ita kanta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna fama da larurar damuwa bayan haihuwa. In ta wuce sati biyu tana kuka ba dalili, bata jin daɗin komai, ko tana cewa bata jin yaron a ranta, ba rashin godiya bane ba kuma rashin imani ba, ciwo ne mai magani, a raka ta wajen likita.

Wani abu kuma da yake bani tsoro game da wannan yabon shirun, yana ɓoye matsala. Yaron da baya firgita in an buga ƙofa da ƙarfi, ko ya kai wata 9 baya gwaranci baya waigowa in an kira sunansa, ko ya kai shekara ɗaya da rabi baya nuna abu da yatsa kuma babu kalma ko ɗaya, ko ya cika shekara 2 baya haɗa kalma biyu, ko kuma yana faɗin wasu kalmomi sai ya daina, kar a tsaya ana cewa "ai haka babansa yayi, zai yi magana in lokaci yayi". Wataƙila hakan ne, yara suna bambanta, amma a kai shi a duba, a fara da gwajin ji, don in kunne ne ko wani jinkiri, taimakon da aka fara da wuri ya fi aiki nesa ba kusa ba akan wanda aka jira sai ya shiga makaranta.