Belin kyauta a takarda kawai

Wallahi labarin da na karanta na cunkoson gidajen yari ya taɓa ni, don mu nan Zamfara ba ji muka yi ba, gani muka yi. Tun 2000 aka fara aiki da shari'ar Musulunci a Gusau lokacin Yarima, muka yi ta kabbara, to yau ina talaka ya tsaya? Ƙanena an kama shi kan rigimar iyakar gona, kwana tara yana sel wurin 'yan sanda ba a kai shi kotu ba, alhali kundin tsarin mulki na 1999 sashe na 35 cewa ya yi awa 24, in kotu ta yi nisa awa 48. Ga takarda manne a bango wai beli kyauta ne, amma sai da tsohuwarmu ta sai da tunkiyarta ranar kasuwa sannan aka sako shi, ya fito duk cizon sauro ko takalmi babu. Wanda ya kai ƙarar kuwa yana da uwa a gindin murhu, ko awa guda bai yi a wurin ba. Lauya kuma ina muka ga kuɗinsa, taki ma da bashi muka saya bana.