Zumunci a ƙafa yake

'Yan'uwana cikin Almasihu, salama a gare ku.

Kamar yadda muke da waya a yau, Manzo Yohanna ma yana da hanyar aika saƙo a zamaninsa, wato takarda da tawada. Amma a ƙarshen wasiƙarsa ta biyu, aya ta 12, ya ce akwai maganganu da yawa da ba ya so ya rubuta, ya fi so ya zo da kansa su yi magana baki da baki domin farin cikinsu ya cika. Haka ya sake faɗa wa Gayus a wasiƙa ta uku.

Waya alheri ce, kada wani ya ce na kushe ta. A shekarar 2020 da korona ta sa aka rufe majami'u a ƙasashe da yawa, ta Facebook da YouTube mutane suka riƙa jin wa'azi. Amma an daɗe da buɗe ƙofofi, har yau wasunmu suna "halartar" sujada daga kan gado, kunne ɗaya na wajen fasto, yatsa na yawo a wani shafi. Ibraniyawa 10:25 ta gargaɗe mu kada mu bar yin taro kamar yadda wasu suka saba.

Ku dubi zauren WhatsApp na ikilisiya. A sanar cewa an kwantar da wata 'yar'uwa a asibiti, nan da nan sai ka ga hotunan hannuwan addu'a sun jeru, "Allah ya ba da lafiya, Mama", "Amin", "Amin". Madalla. To wa ya je? Wa ya kai abinci, wa ya karɓi mai jinya ko na dare ɗaya ta samu ta runtsa? Kowa ya ɗauka wani ya tafi, ita kuwa tana kwance tana kallon ƙofa. Abokan Ayuba sun taso daga garuruwansu, suka zauna da shi a ƙasa kwana bakwai, dare da rana, ba wanda ya ce uffan. Sai da suka buɗe baki ne ma suka ɓata lamarin.

Ga kuma dattawanmu da ba su da babbar waya. Ba sa cikin zauren, sanarwa ba ta isa gare su, sai su ji labarin rasuwa bayan an yi jana'iza. Wannan abin kunya ne a gare mu, su da suka goya mu a bangaskiya.

Wanda ɗan'uwa ya ɓata masa rai kuma, Matiyu 18:15 ta ce ka je ka same shi, ku biyu kaɗai. Habaici a status, ko da an lulluɓe shi da aya, faɗa ne a bainar jama'a.

Kafin ka tura wannan rubutu zuwa wani zaure, ka tuna wanda ba ka gani ba a sujada kwanan nan. Kira shi ka ji muryarsa, in da hali ka je gidansa cikin makon nan.