Don bai ce komi ba, ba shi ne ya yarda ba

Jiya da dare a fada saura kaɗan shayi ya huce saboda gardama kan wata bede, wato labarin zane, da muke bi a manhajar Webtoon, ni da yaran unguwarmu nan Tawa. Ba sai na faɗi sunanta ba don irinta sun yi yawa, duk mai sayen forfe shina jan hotunan ga da yatsa daga sama har ƙasa ya san mi nake nufi. Yarinya ce mai zafin kai da abokinta wani sanyi-sanyi, duk sadda ya yi maganar wauta sai ta kai mishi naushi ko ta ranƙwashe shi, a zana mishi ƙululu bisa kai taurari na zagayawa, hoto na gaba ƙululun ya ɓace suna tafe suna dariya. Na ce ni ban son yadda ake nuna yarinyar ga kamar abin so. Sai wani ƙanenmu ya ce haba babban yaya, ai shi wanda ake duka bai taɓa cewa komi ba, ya saba, tunda ya yarda mi naka ciki?

Da maganar ga na kwana wallahi.

Wa ya ce ya yarda? Mai zanen. Hannun da ya zana naushin shi ya zana murmushin, shi ya goge ƙululun, shi ke riƙe da bakin yaron, in bai so ya ce ya ji zafi ba har abada ba zai faɗa ba. To yardar da mai tsara dukan ya rubuta da kanshi wace irin yarda ce?

Na san inda abin ya samo asali kuma ban raina shi ba. Japanawa suna da wani wasan barkwanci na mutum biyu da suke ce ma manzai, wanda ya yi ƙarfi a birnin Osaka, ɗaya shi ne boke mai yin wauta, ɗayan tsukkomi mai gyara mishi magana, wani lokaci ya ɗan doke shi a kai ko ya maka mishi wani mahuci na takarda mai ƙara da yawa amma ba zafi. Wannan salon ya shiga manga, wato labaran zane na Japanawa, masu zane na ƙasashe da dama kuma sunka ɗauka. Amma masu manzai ƴan wasa ne biyu da sunka tsara abinsu tun kafin su hau dandali, kowa ya san sana'a ce, a tashi a raba kuɗi. Bede da kake bi sati-sati har kashi ɗari, wadda in uwar yaron ta rasu a ciki kai ma sai ka ji ƙwalla, ba za ta ce maka ka ɗauki hawayenshi da gaske amma dukan da yake sha wasa ne ba. Ko dai mutum ne ko ba mutum ba ne.

Sai wani ya ce to ai mu ma muna da wasa, ga taubasaka, ga Bagobiri da Bazabarme, ga Fulani da Barebari. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne, har UNESCO ta sa wasan dangi na Nijar cikin gadon al'adun duniya a 2014. Amma ku duba da kyau, taubashi in ya tsokane ka kana da bakin ramawa, yau naka gobe nashi, kuma in anka ga fuska ta canza a take ake bari. Kokowa ma da anka fara gasar ƙasa nan garinmu a 1975, mutum biyu ne sunka shiga fili da ƙafarsu, akwai alƙali, da an kada mutum an gama. Ko sharo da ake tsula ma saurayi bulala shina murmushi, ai ya san ranar ramuwarshi na nan tafe. A bede ɗin ga fa? Kullum hannu ɗaya ke tashi, kullum kai ɗaya ke amsa. Kuma ku juya abin, a ce yaron ne ke naushin yarinyar duk kashi, wa zai yi dariya?

Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai, mun yi wani aboki tun muna lakwal, mai kunya ne ƙwarai, irin mutanen da ko an taka su su ke cewa yi haƙuri. Akwai ɗaya cikinmu da ya maida ƙeyarshi ganga, in ya zo gaisuwa dundu, in ya yi kuskuren lissafi a belot ranƙwashi, shi ko sai ya sosa wurin ya yi dariya, mu ma mu yi. Ni ma na taɓa kai mishi, ba sau ɗaya ba, kuma har yau ina jin nauyin abin. Shekaru muna haka muna cewa ai wane ba ya fushi. Mai dukan nan kuwa bai taɓa gwada hannunshi bisa wani ƙato da ke cikinmu ba, ko sau ɗaya, don wargi ma wuri yake samu. Sannu a hankali abokin ya rage zuwa, sai sati, sai wata, har ya daina baki ɗaya, munka ce aiki ne ya yi mishi yawa.

Mu Hausawa mun fi kowa sanin kawaici, an raine mu da shi. Mutum zai haɗiye abu don kada a ce ba ya son wasa, don kada fada ta watse saboda shi, ko don ba shi da wasu abokan in ya rasa waɗanga. Mun san wannan sarai amma in ya zo daidai da son ranmu sai mu kira shi yarda. Alhali tun muna makarantar allo muke jin hadisin da ke cewa musulmi shi ne wanda musulmi sunka kuɓuta daga harshenshi da hannunshi.

Ban ce a daina karanta bede ba, ni ma ina karantawa, kuma ban ce duk wanda ya gani zai tashi ya mari abokinshi ba. Abin da nake so in gani shi ne mai zane ɗaya ya yi ƙarfin hali ya bar ƙululun ya kwana, yaron ya riƙe hannunta ya ce ya isa, mu ga mi za ta yi. In ta tsaya ta ba shi haƙuri to abota ce, ni ma sai in so ta. Masu zane na nan gida da ke tasowa suna sa aikinsu a Facebook, don Allah ba dole sai kun kwaso wanga ba.

Abokin nan namu mun gamu da shi bara a tasha a Yamai, munka zauna shan ruwa, na tambaye shi mi ya sa ya guje mu haka. Ya yi shiru ya ce, ɗan uwa ni fa ban taɓa jin daɗin abin nan ba ko rana ɗaya. Na ce to mi ya hana ka faɗi? Ya ce da na faɗi ai da kun ce ban san wasa ba.